Wani baƙo yana neman in ba shi makullin fakitina a PyPI, ku ba ni shawara

bashir_py:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta hana ni sukuni kwanan nan, na ga gara in kawo ta nan tunda akwai waɗanda suka riga ni shiga harkar.

Wasunku sun san ɗan fakitin nan (ƙunshin kod da wasu ke saukewa su sa a manhajarsu) na yaren Python da na rubuta a 2019, mai tsabtace rubutun Hausa. Buƙata ce ta sa na yi shi. Ina haɗa wa wata makaranta shafi, sai na lura duk labarin da kansa ya fara da "Ƙasa" adireshinsa yana fitowa "asa", "ɗalibai" kuma ya koma "alibai". Da na bi diddigi sai na gane dalili. Hanyar da aka saba bi ita ce a warware harafi da wata ƙa'ida mai suna NFKD, a raba shi da alamar da ke kansa, sannan a zubar da duk abin da ba ASCII ba, wato ba harafin Turanci zalla, lamba ko alamar rubutu ta yau da kullum ba. Wannan yana yi wa é ta Faransanci daidai, don tana rabuwa gida biyu. Amma ɓ da ɗ da ƙ ba sa rabuwa, lanƙwasar a jikinsu take, saboda haka ɗungurungum ake zubar da su. Na rubuta abin da zai gyara wannan, na ƙara masa daidaita alamar nan ta 'yan da 'ya'ya da mutane ke bugawa iri uku, na ɗora a PyPI, rumbun da ake sauke fakitocin Python, da lasisin MIT mai ba kowa damar amfani da shi kyauta.

Yau shekara shida ke nan, kuma wallahi na gaji. Ƙorafi 41 ne a buɗe. Lokacin da Python 3.12 ta fito a Oktoban 2023 aka cire wani tsohon sashenta mai suna distutils, ni kuma ina kiransa a cikin kod ɗina, sai fakitin ya daina lodi. A makon da abin ya faru ɗiyata tana kwance asibiti. Ina zaune a benci a bakin ɗaki da dare saƙo ya shigo wayata daga wani da ban taɓa sani ba, wai shafin kamfaninsu ya tsaya, in gyara kafin safiya. Ko sallama babu. Na gyara bayan kwana huɗu, ko "mun gode" ban gani ba.

To, wata huɗu da suka wuce wani ya fara turo gyare-gyare. Tara ya turo zuwa yanzu, duk masu kyau. Shi ya mayar da fakitin kan pyproject.toml, fayil ɗin da ke tsara yadda ake gina shi, shi ya rubuta gwaje-gwajen da na daɗe ina cewa zan rubuta. Shekaranjiya ya ce in ba shi ikon ɗora sabuwar siga a PyPI, don in huta. Ban san sunansa na gaskiya ba, babu hoto, ban san ƙasar da yake ba. Zuciyata tana so in ba shi. Me kuka gani?

abba.kd:
Wa alaikumus salam. Kar ka ba shi. Ka manta da xz ne?

Ummi_Dev:
Allah ya ƙara wa yarinya lafiya, Yaya Bashir. Ban san kana cikin wannan hali a lokacin ba, kuma ina cikin masu amfani da fakitin. Ka yafe mana.

@abba.kd ba kowa ne ya san labarin xz ba a nan, da ka ɗan faɗaɗa.

malam_sani_linux:
Bari in taya Abba, don labarin ya yi kama da na Bashir fiye da yadda nake so.

xz manhaja ce ta matse fayil, kusan kowace Linux tana ɗauke da ita. Mai kula da ita Lasse Collin ne, ɗan ƙasar Finland, shekara da shekaru yana yi kusan shi kaɗai ba albashi. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara turo ƙananan gyare-gyare, masu kyau. A 2022 sai wasu sunaye suka ɓullo suna yi wa Lasse matsin lamba, cewa aiki ya tsaya, ya ba wani dama. Shi kuma ya amsa cewa yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta daɗe, kuma aikin nan na sa-kai ne. Sannu a hankali Jia Tan ya zama abokin kula, har ya kai ga shi ke fitar da sababbin sigogi. A sigar 5.6.0 da 5.6.1, a farkon 2024, ya dasa ƙofar baya da za ta ba mai wani makulli na musamman damar shiga saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafuka da ayyuka, ta SSH, hanyar da ake shiga kwamfuta daga nesa.

Abin da ya tona asiri shi ne wani injiniyan Microsoft mai aiki a kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, Andres Freund, ya lura shiga ta SSH a kwamfutarsa ta gwaji tana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ta saba, tana kuma cin ƙarfin na'ura. Ya tona har ya kai ga tushe, ya sanar ranar 29 ga Maris 2024. A lokacin abin ya riga ya shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, nau'o'in Linux guda biyu, bai kai ga manyan sigoginsu da ake aiki da su a sabobi ba.

Abin da nake so Bashir ya lura da shi: mutumin ya yi fiye da shekara biyu yana aiki tsakani da Allah a ido kafin ya yi ɓarna. Naka wata huɗu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar a nan gajiyarka ce, kai da bakinka ka faɗa.

nura_nima:
Malam Sani, da girmamawa, fakitin Bashir ba xz ba ne. Wa zai ɓata shekara biyu don ya kutsa cikin abin gyara ƙ da ɗ?

Hauwa_QA:
@nura_nima ba girman fakiti ake dubawa ba, inda yake kwana ake dubawa. A 2018 akwai event-stream a npm, rumbun fakitocin yaren JavaScript, ɗan ƙaramin abu ne. Mai shi, Dominic Tarr, ya daina amfani da shi, wani ya turo masa imel yana so ya ci gaba da kulawa, ya miƙa masa. Sabon mai kulawar ya ƙara wani fakiti mai suna flatmap-stream a ƙarƙashi, wanda aka shirya shi don satar kuɗi daga masu amfani da asusun Bitcoin na Copay. Bai damu da sauran masu sauke shi ba, gida ɗaya ya nufa. Fakitin Bashir yana cikin shafukan labarai da na makarantu, ni kaina na gan shi a wurin aikinmu. Duk wanda ke iya ɗora siga yana iya gudanar da kod a kan duk waɗannan sabobin.

Rukayya_js:
Ni dai zan faɗi abin da ba zai yi wa wasu daɗi ba.

Tun da aka fara zancen nan kowa yana magana kamar rashin hoto da suna laifi ne. Ni shekara uku na yi ina turo gyara a wasu ayyuka da sunan da ba nawa ba, babu hoto. Dalilina kuwa, da na sa sunana da hotona a farko, saƙonnin da suka riƙa shigo mini ba na kod ba ne. 'Yan'uwana mata a nan sun san abin da nake nufi. To in aka ce sai an ga fuska, ni ma ta waje zan tsaya.

Sannan mu tuna wane ne baƙo a wannan duniyar. Mu ne. Ɗan Kano ko ɗan Maraɗi da ya turo gyara ga wani aiki a Jamus, ba a taɓa ganinsa a taro ba, biza ma ba zai samu ba, ba wanda zai ce "na san shi". Bayan abin da ya faru da xz na ga yadda wasu suka fara kallon duk sabon suna da ido ɗaya. In muka ɗauki wannan ɗabi'a, ƙofar da muke roƙon a buɗe mana ce muke rufe wa wani. Mutumin nan ya yi wa Bashir aikin da dukkanmu masu amfani da fakitin ba mu yi ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

abba.kd:
Anti Rukayya, ban ce ɓarawo ba ne. Na ce kar a ba shi makulli. Ko ɗan'uwanka na jini ba ranar da ya zo gari kake ba shi makullin shago ba.

Rukayya_js:
Na yarda da wannan, Abba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce hoto da katin shaida su ne ma'auni. Jia Tan ma ai suna gare shi.

tsohon_C:
Ku bari tsoho ya sa baki. Na fara harhaɗa manhaja tun ana kawo Linux a faifan CD a bayan mujalla.

Kun tsaya a kan mutumin, ni kuwa abin da ya fi tsorata ni a labarin xz shi ne inda aka ɓoye abin. Ba a cikin kod ɗin C da mutane ke karantawa aka sa shi ba. Gangar jikinsa an cusa ta cikin fayilolin gwaji, waɗanda dama tarkace ne a ido, don manhajar matse fayil dole a gwada ta da lalatattun fayiloli. Kunamar da ke tayar da shi kuma tana cikin wani fayil na kayan gini mai suna build-to-host.m4, wanda gurɓataccensa ba ya cikin ma'ajiyar Git ɗin, inda kowa ke ganin kod da tarihin gyaransa, sai a cikin ƙunshin tar, wato dunƙulallen fayil ɗin da aka fitar wa jama'a su sauke. Wato abin da mutane ke dubawa daban, abin da Debian da Fedora ke saukewa su gina daban.

Me ya sa ba wanda ya lura? Saboda al'adar Autotools ce, wato kayan ginin da xz ke amfani da su, ƙunshin da aka fitar ya bambanta da ma'ajiya. Mai kula yana gudanar da autoreconf a kwamfutarsa, ta haifo fayil ɗin configure mai dubban layuka, a haɗa a tura. Ni shekara ashirin ina buga ./configure, sannan make, kuma ban taɓa zama na karanta configure ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Ban san wanda ya taɓa ba.

Kayan gini su ne soron gidan da ba a sharewa. Shi kansa make tun 1976 Stuart Feldman ya rubuta shi a Bell Labs, har yau in ka sa sarari a madadin tab a farkon layi zai ƙi aiki, an bar shi haka don kar a karya wa mutane abin da suka riga suka gina. Haka abubuwan nan suke, gado a kan gado.

To Bashir, ka ce mutumin nan shi ya sauya maka tsarin gini zuwa pyproject.toml. Ka karanta wannan gyaran layi-layi, ko ka ga alamar kore ka haɗa?

bashir_py:
Baba, gaskiya ban karanta duka ba. Na ga gwaji ya wuce, na haɗa. Yau da dare zan koma in duba.

sadiq_rust:
Shi ya sa nake cewa a bar Autotools. Kayan gini irin CMake ko Meson sun fi tsabta, mutum yana iya karantawa.

tsohon_C:
@sadiq_rust sun fi sauƙin karatu, ban musa ba. Amma ka san xz tana da CMake ita ma? A can mutumin ɗigo ɗaya tak ya sa a cikin ɗan kod ɗin da ke gwada ko na'ura tana da Landlock, wani shingen tsaro na Linux. Ɗigon ya sa gwajin yana faɗuwa kullum, sai ginin ya ɗauka babu shingen, ya kashe shi shiru. Ɗigo ɗaya a farkon layi, a fili, a cikin Git. Sai bayan asiri ya tonu aka gan shi. Kayan aiki ba sa karanta kansu, ɗana.

Hauwa_QA:
Mu dawo kan tambayar Bashir, don akwai tsaka-tsaki tsakanin "ba shi" da "kar ka ba shi".

Abu uku ne mabambanta: ikon duba ƙorafi da rufe shi, ikon haɗa gyara cikin babban reshe, da ikon ɗora siga a PyPI. Na farko ka ba shi yau ma, shi ne ma zai fi rage maka nauyi. Na biyu ka ba shi da sharaɗi, ka kulle babban reshe yadda ba abin da zai shiga sai wani ya duba ya amince. Na uku kuwa kar ka ba kowa, har kai kanka ka daina ɗorawa daga kwamfutarka.

Tun Afrilun 2023 PyPI ta kawo tsarin da za ka ce mata ta amince da wani takamaiman aiki a GitHub Actions, tsarin shafin ajiye kod na GitHub da ke gudanar da aiki da kansa, shi ne zai gina fakitin daga ma'ajiya ya ɗora, ba tare da wata kalmar sirri mai daɗewa da za a sace ba. Amfaninsa a nan shi ne abin da Baba ya faɗa: abin da aka ɗora daga abin da kowa ke gani aka gina shi. Sai ka ƙara masa matakin amincewa, yadda ɗorawar za ta tsaya tana jiranka har ka danna. Mutuminka ya shirya komai, kai naka dubawa da dannawa, minti goma a wata.

malam_sani_linux:
Shawarar Hauwa ta yi. Ƙari ɗaya: duk wanda zai iya taɓa fayil ɗin da ke sarrafa ginin, tamkar yana riƙe da makulli ne. Duk gyaran da ya shafi wannan fayil ko pyproject.toml, shi ne za ka karanta da idon basira, ko da layi biyu ne.

nura_nima:
Amma in Allah ya yi wa Bashir rasuwa, ko wayarsa ta faɗi, fa? Ba fata nake ba. Tun farkon 2024 PyPI ta wajabta tabbatarwa mai mataki biyu. In shi kaɗai ke da iko, wayar ta ɓata, lambobin ceto ba a ajiye ba, fakitin ya zama maraya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dole a samu mutum na biyu, ko ba wannan baƙon ba.

Ummi_Dev:
Wannan gaskiya ne. Kuma PyPI ta raba matsayi biyu, akwai mai mallaka, akwai mai kulawa wanda zai iya ɗora siga amma ba zai iya ƙara wani ko cire wani ba. Sai dai ga matsalarmu, ikon ɗorawar shi ne dai abin tsoron.

Alh_Garba_IT:
Ni wani ɓangare ne ya tsaya mini a rai, saƙon nan da aka turo wa Bashir yana asibiti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kamfani yana samun kuɗi da aikin mutum, bai taɓa ba shi ko kuɗin data ba, ranar da abu ya lalace kuma ya zo da tsawa.

Ba a kanka aka fara ba, ƙanina. Lokacin da aka gano ramin tsaron OpenSSL mai suna Heartbleed a 2014, OpenSSL da ke tsare rufin asirin yawancin shafukan intanet, gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. A Disambar 2021 da aka gano ramin tsaro a Log4j, wani fakitin yaren Java, 'yan sa-kai ne suka kwana suna gyara duniya tana zaginsu. Daniel Stenberg, mutumin Sweden da yake kula da curl, manhajar tura bayanai da sauke su ta intanet, tun 1998, ya wallafa wasiƙar da wani katafaren kamfani ya aiko masa a lokacin, suna neman ya amsa musu jerin tambayoyi cikin awa 24 a kan Log4j, alhali curl ba ta ma amfani da shi, kuma ba wata yarjejeniya tsakaninsu. Ya ce musu zai amsa da zarar sun sa hannu a kwangilar tallafi.

Ka buɗe lasisin MIT ɗin da ka sa, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa an ba da manhajar yadda take, babu wani garanti. Ba bashin kowa a kanka. Ka sa a shafin farko cewa duk kamfanin da ke son gyaran gaggawa ga farashi.

sadiq_rust:
Alhaji, su can suna da inda za su jingina. Gwamnatin Jamus ta kafa asusu a 2022 don irin wannan, har GNOME, masu yin fuskar kwamfuta ta Linux, ta samu Yuro miliyan ɗaya a 2023. Mu nan wa zai biya don ƙ da ɗ?

mal_Habu_Zariya:
Ni ina ganin kada mu mayar da komai kuɗi. Ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa. Duk ɗalibin da ya nemi labari ya same shi saboda harafi bai ɓace ba, Bashir yana da rabo. Ka yi haƙuri ka ci gaba, Allah ba ya tozarta aikin bawa.

Rukayya_js:
Allah ya saka da alheri, Malam Habu. Amma iyalinsa ma suna da hakki a kansa, jikinsa ma haka. Sadaka da daɗin rai ake yin ta. Mu da muke cewa ya yi haƙuri, mu nawa ne muka taɓa rufe masa ƙorafi ɗaya?

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nike karatu, ban so in sa baki ba, amma maganar Rukayya ta taɓa ni.

Malam Bashir, cikin ƙorafin nan 41, ɗaya nawa ne. Ya fi shekara. Mu nan Nijar ba mu rubuta 'yan da alama a gaba, ƴan muke rubutawa, da harafi guda mai lanƙwasa, haka munka koya a makaranta. Fakitinka in ya ga ƴ sai ya mayar da ita 'y, ba tambaya. Mun sa shi cikin wani aiki na littattafan yara, sai munka tarar ya sauya muna rubutu duka zuwa na Najeriya. Na rubuta maka, ban ji amsa ba, na ɗauka raini ne, na yi fushi na kwafi fakitin na gyara nawa ni kaɗai. Yau na ji inda kake a lokacin. Ka gafarce ni da zaton da na yi. Kuma laifina ne da ban turo maka gyaran ba, na ajiye shi a kwamfutata.

In kana so, ni zan zama mai dubawa na biyu. Ba ni son makulli. Duk abin da baƙon ya turo in karanta, kai ma ka karanta.

bashir_py:
Subhanallah. Malam Issoufou, ni ne da neman gafara. Na ga saƙon, na ce zan dawo kansa, ban dawo ba. Kuma kuskuren nawa ne tun tushe, na ɗauki rubutun Kano shi ne Hausa duka. Turo gyaran don Allah. Na karɓi tayinka hannu bibbiyu.

abba.kd:
To shi Issoufou ka san shi ne? Shi ma ai suna ne a allo.

malam_sani_linux:
Ni na san shi, Abba. Mun zauna tare a Katsina, na ci abinci a gidan yayansa. Amma tambayarka tana kan hanya, kuma ta dawo da mu kan maganar Rukayya: wanda ba shi da mai cewa "na san shi" fa? A Debian, kafin a ba ka ikon ɗora fakiti da kanka, sai wani ya daɗe yana duba aikinka yana ɗora maka, sannan a samu masu ba da shaida a kanka. Abin yana ɗaukar lokaci, amma akwai hanya, baƙo yana iya zama ɗan gida. Suna kuma da hanyar da mai kula zai sanar a fili cewa yana neman taimako, ko yana neman mai karɓa, ko ya saki fakitin ya zama maraya. Ba kunya ba ce a wurinsu.

nura_nima:
Wannan na ƙarshen ya kamata Bashir ya ji. Kana iya cewa ka daina. Ka rufe ma'ajiyar ta zama ta karatu kawai, ka rubuta cewa ba a kula da ita, mai so ya kwafa ya sa wani suna. Abin da ba shi da kyau shi ne gogewa. A Maris 2016 Azer Koçulu ya cire fakitocinsa daga npm bayan rigima a kan sunan kik, cikinsu har da left-pad mai layi 11, gine-ginen mutane suka riƙa faɗuwa ko'ina, har masu amfani da Babel, wani sanannen kayan aikin JavaScript. Sai da npm ta maido shi da kanta, ta kuma tsaurara dokar cirewa.

zee_backend:
Mu masu saukewa ma da namu laifin. Mutum ya rubuta sunan fakiti ba lambar siga, duk abin da aka ɗora jiya da dare ya shigo masa saba da safe. Ni dole ce ta koya mini. Inda nake aiki intanet ɗin ba ta da tabbas, ga wuta, gini ya kai rabi ya yanke, data ta tafi. Sai na koma ina sauke komai sau ɗaya da pip download in ajiye a babban fayil guda, in kulle kowace siga da zanen yatsanta, wato lambar da ke sauyawa in an taɓa fayil ɗin, daga nan nake girkawa. Don tsimin data na fara, daga baya na ga ya zama kariya, don ba abin da ke sauyawa sai na sauya shi da hannuna.

Hauwa_QA:
Haka ne. A Satumbar 2025 ma da aka yaudari mai kula da fakitocin chalk da debug a npm da imel na bogi aka kwace asusunsa, gurɓatattun sigogin 'yan awoyi suka yi kafin a cire su. Wanda ya kulle sigoginsa bai ma san an yi ba. Kuma ku lura, a can ba baƙo aka ba makulli ba, a hannun mai shi aka sace.

sadiq_rust:
Tambaya ga Baba @tsohon_C: wannan aikin da Debian ke yi na a gina fakiti sau biyu a samu abu iri ɗaya daidai wa daida, da zai kama xz?

tsohon_C:
Shi kaɗai, a'a. In daga gurɓataccen ƙunshin tar ka gina, sau goma za ka samu gurɓataccen abu iri ɗaya. Amfaninsa shi ne ya tabbatar ba a yi wasa a kan na'urar gini ba. Abin da zai taimaka a xz shi ne a kwatanta ƙunshin da ma'ajiya, ko a zubar da fayilolin da aka haifo a sake haifo su. Ko hakan ma, fayilolin gwajin suna cikin Git, ba wanda ya tambayi daga ina suka fito. Bashir, cikin gwaje-gwajen da ya rubuta maka akwai fayil ɗin da ba rubutu ba ne, wanda ido ba ya iya karantawa?

bashir_py:
Na dawo. Na zauna daga bayan isha'i har ƙarfe ɗaya na karanta gyare-gyaren tara duka, layi-layi. Baba, babu fayil ko ɗaya da ba rubutu ba, jimlolin Hausa ne kawai, wasu ma daga karin magana, wanda ya sa nake zaton Bahaushe ne ko ya zauna cikinmu. Ban ga komai na zargi ba. Abu ɗaya na gani, ya ƙara wani fakiti da ake buƙata lokacin gini wanda ban ga amfaninsa ba, na tambaye shi dalili.

Na rubuta masa cewa na ba shi ikon kula da ƙorafe-ƙorafe daga yau, gyaransa kuma zai riƙa bi ta hannun Malam Issoufou ko nawa, ɗorawa kuma za ta koma ta na'ura kamar yadda Hauwa ta tsara. Na gode masa sosai, na kuma gaya masa gaskiya cewa ba don na zarge shi ba ne. Ban ji daɗin rubuta saƙon ba, Anti Rukayya, maganarki tana raina. Har yanzu bai amsa ba.

Rukayya_js:
Ka yi adalci gwargwadon iko. Amma ka sa masa lokaci, Yaya Bashir. Ka ce bayan shekara za a sake dubawa. Kar ya zama yana ɗauke da kaya har abada ba ranar da za a ce ya zama ɗan gida.

abba.kd:
Shekara biyu Jia Tan ya jira, Anti.

Alh_Garba_IT:
Ba wanda ya amsa maganar kuɗi. Mu nan da muke amfani da fakitin a wuraren aikinmu mun kai goma. Ko kuɗin data na wata-wata ne mu haɗa. Ni na fara, Bashir ka turo mini bayani ta gefe.

Issoufou_Maradi:
Na turo gyaran yanzu. Na sa zaɓi biyu, rubutun Najeriya da na Nijar. Abin da ban yanke ba shi ne wanne zai zama na asali in mutum bai zaɓa ba. In munka bar 'y ba a karya wa kowa aiki ba, amma matsalarmu tana nan ga duk wanda bai karanta bayani ba. Ni a ganina kar fakitin ya taɓa harafin sam sai an ce ya taɓa, sai dai wannan zai sa a ɗaga babbar lambar siga. Hauwa, ki duba gwaji na huɗu, babbar Ƴ ce ke ba ni wahala a farkon jimla.